Zoɓon Daura da kasuwar shayin oganik: Ribar da manomi ke bari a cikin buhu

Daga ƙarshen watan Oktoba zuwa Disamba, bayan an kai gero rumbu an shiga roron wake, akwai amfani guda da kan rage a tsaye a gonakin Masarautar Daura, wato zoɓo. A ƙauyukan Ɓaure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa da kewayen garin Daura, za ka gan shi ya yi jajur a kan iyakokin gonaki ko a tsakanin kunyoyin gero. Sau da yawa ko cokali ɗaya na takin zamani ba a ba shi ba.

Manomi kan sayar da shi a tiya ko a buhu, ya karɓi kuɗin cefane, shi ke nan. Amma tafiyar zoɓon ba a nan take ƙarewa ba. Wani yakan bi ta Kano ya sauka Legas, ya hau jirgin ruwa zuwa Meziko ko Turai. A Turai sai a yayyanka shi, a zuba a 'yan jakunkunan shayi, a jera a kwali. Idan kwalin na ɗauke da tambarin da ke shaida cewa an noma kayan ba tare da sinadari ba, abin da ake kira oganik, kuɗinsa ya kan zarce na sauran.

To, tunda zoɓon wannan yanki kusan haka Allah Ya raya shi, me ya hana mai gonar cin wannan riba? Amsar tana cikin abubuwan da ke faruwa bayan girbi, wato shanya da ajiya da kuma takardar shaida.

Shayin da babu ganyen shayi a cikinsa

Ganyen shayi na asali, irin wanda mai shayi ke jefawa a tukunya, daga wata shuka guda yake fitowa, mai son tsauni da sanyi da ruwan sama mai yawa. A Najeriya, a tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba ake nomanta, a yankin Kakara, inda ake sarrafa shayin Highland. Ƙasar Daura mai yashi, wadda daminarta ba ta cika wuce wata uku zuwa huɗu ba, ba ta da rabo a nan.

Sai dai kasuwar duniya ta daɗe da faɗaɗa ma'anar shayi. Duk ganye ko fure ko saiwa ko ɓawon da za a busar, a zuba wa ruwan zafi a sha, ya shiga sahu. Wannan shi ne shayin ganyayyaki, kuma masu sayensa sun fi yawa a cikin mutanen da ke gudun sinadarin kafin, mai hana barci, da masu neman rage shan lemon kwalba.

A wannan kasuwa zoɓo ba baƙo ba ne. A Masar da Sudan ana kiransa karkade, a Senegal bisaf, a Ghana sobolo, a Meziko kuma hamaika. Jamus na cikin manyan masu sayensa a Turai, domin yawancin shayin 'ya'yan itatuwa da Jamusawa ke sha, zoɓo ne ke ba shi jan launi da ɗan tsamin nan. Kamfanoni irin su Teekanne da Martin Bauer sun daɗe a wannan harka. A Amurka ma, shayin Red Zinger na kamfanin Celestial Seasonings, wanda ke kasuwa tun farkon shekarun 1970, zoɓo ne ƙashin bayansa.

Abin da ƙasar Daura ke iya bayarwa

Zoɓo shi ne kan gaba, saboda yana jure yashi da ƙarancin ruwa. Abin da ake jiƙawa a sha ba furen shukar ba ne, kofin nan ne mai nama da ke rungume da ƙoƙon iri bayan furen ya kaɗe. Shukar ba ta fara fure sai yini ya soma gajarta a ƙarshen damina, shi ya sa wanda ya makara wajen shuka kan tarar ta yi fure tun tana 'yar ƙarama, amfanin ya ragu. Babu abin yarwa a jikinta: ganyen shi ne yakuwar miya da fate, 'ya'yan kuma gurguzu ne da ake daddawar batso da shi.

Na biyu shi ne zogale, wanda da wuya ka shiga unguwa ba ka gan shi a bayan gida ko a shingen lambu ba. Garin ganyensa da shayinsa sun samu karɓuwa a shagunan kayan ƙarin lafiya na Turai da Amurka, duk da cewa Indiya ce ke riƙe da mafi yawan wannan kasuwa.

Akwai kuma abin da ke daji ba a ɗauke shi bakin komai ba. Farar geza, wadda ake sara don itacen girki da shinge, ita ce mutanen Senegal da Mali ke kira kinkeliba. Suna dafa ganyenta su sha da safe da lokacin buɗe-baki, har ana sayar da ita a kwali a Faransa. Goruba ma Misirawa na shan ruwanta, musamman a watan azumi. Tsamiya da garin 'ya'yan kuka suna shiga haɗe-haɗe, kuma tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin kuka a ƙasashenta.

Inda ake da ruwan rani, kamar kewayen madatsun Sabke da Daberam da lambunan fadama, na'a-na'a da ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake kira lemongiras suna yi sosai, kuma ana yankarsu sau da yawa a shekara. Citta kuwa sai an sayo daga Kudancin Kaduna, wajen Kachiya da Kafanchan.

Hanyar da buhun zoɓo ke bi

Jihar Jigawa ce ta fi suna a noman zoɓo a Najeriya, sai maƙwabtanta irin su Kano da Katsina da Bauchi. Masarautar Daura na manne da wannan yanki ta wajen Ɓaure da Ɓaɓura, ga kuma iyaka da Jamhuriyar Nijar ta Kwangwalam. 'Yan sari kan bi kasuwannin ƙauye su tara kaya, daga nan a nufi manyan mahaɗa irin su Maigatari da Kasuwar Dawanau a Kano. A rumbunan ajiya na Kano mata ne ke zama su tsince tsakuwa da ƙirare da ƙoƙon iri, sannan a danna a buhu, a cika kwantena. Saboda rashin nauyinsa, babbar kwantena ba ta ɗaukar fiye da kimanin tan 12.

Meziko ce babbar mai saye. A 2017 Hukumar Tantance Lafiyar Amfanin Gona ta Ƙasa, NAQS, ta bayyana cewa cikin wata tara an fitar da kwantena 1,983 zuwa ƙasar, na kimanin Dala miliyan 35. Ba a jima da wannan albishir ba Meziko ta dakatar da karɓar zoɓon Najeriya, bayan an gano wani ƙwaron rumbu da ake kira Khapra a cikin kayan. Ƙwaro ne da ƙasashe ke tsoro ƙwarai, domin yana iya daɗewa a ɓoye ba ci ba sha, kuma idan ya shiga rumbunan hatsi fitar da shi aiki ne. An shafe shekaru ƙofar na rufe, farashi ya karye, manomin da bai taɓa ganin tashar jirgin ruwa ba ya ɗanɗana kuɗarsa.

Da aka sake buɗe cinikin, sharaɗin shi ne a riƙa turara kayan da iskar metil biromaid a ɗakuna na musamman kafin a loda. Wannan ya buɗe hanyar Meziko, amma zoɓon da aka turara da wannan iska ya fita daga sahun oganik har abada. Ke nan hanyoyi biyu ne mabambanta, kuma wanda ke son bin ta biyu sai ya raba kayansa tun daga gona.

Wata matsalar ita ce gauraya. Kafin buhu ya isa Dawanau, zoɓon gonaki da yawa ya haɗu a cikinsa, wataƙila har da na tsallaken iyaka. Mai sayen oganik kuwa so yake ya ɗauki kwali a shago, ya bi lambar da ke jikinsa har zuwa gonar da kayan suka fito.

Rashin kuɗin taki ba shi ne oganik ba

Manoma da yawa na ganin tunda ba su sa wa zoɓonsu taki ko magani ba, to ya zama oganik. A wurin masu saye, kalmar tana da doka. A ƙa'idar Tarayyar Turai, wadda sabon tsarinta ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, gonar amfanin shekara-shekara kamar zoɓo sai ta yi shekara biyu ƙarƙashin kulawa ba tare da takin zamani ko maganin feshi na sinadari ba, kafin shukar da za a kira oganik. Bishiyoyi irin su zogale shekara uku ne. A Amurka kuma ana buƙatar wata 36 tsakanin ranar da aka yi amfani da haramtaccen sinadari na ƙarshe da ranar girbi.

A nan ne tsarin nomanmu ke cin karo da dokar. Zoɓon da aka shuka a gefen gona yana maƙwabtaka da wake, shi kuwa wake an saba yi masa feshi sau da dama kafin ya yi. Iska kaɗan ta isa ta kai maganin kan zoɓo. Ga maganin ciyawa da ya zama ruwan dare saboda tsadar 'yan ƙwadago. Ga geron da ke kunya ɗaya da zoɓon, wanda aka ɗan barbaɗa wa takin zamani. Duk waɗannan sun isa su hana shaida. Mai son wannan kasuwa sai ya ware gona sukutum, ya bar tazara ko ya yi shinge tsakaninsa da maƙwabcin da ke feshi.

Abin da zai maye gurbin sinadarin kuwa yana kusa. Takin gida da kashin dabbobi ba su da wuya a yankin da ke da kasuwar dabbobi irin ta Mai'aduwa, wadda ke ci duk ranar Lahadi. Sai dai ɗanyen kashi na ɗauke da ƙwayoyin cuta, shi ya sa dokar Amurka ta ce a zuba shi aƙalla kwana 90 kafin girbi, ko 120 idan abin da za a ci yana taɓa ƙasa. Mafi kyau a tara shi ya ruɓe tukuna. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, manoman Matamaye da Magarya a tsallaken iyaka sun nuna abin da barinsa a gona ke haifarwa. Ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya kuma na korar ƙwari da yawa, kuma dokokin oganik sun yarda da shi.

Bayan aikin gona sai na takarda. Kamfanonin ba da shaida irin su Ecocert na Faransa da Control Union na Holan da CERES na Jamus kan turo mai bincike duk shekara, ya duba gona da rumbu da littafin rajista, ya ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji. Kuɗin wannan aiki kan kai dubban daloli a shekara, abin da ya fi ƙarfin mai kadada ɗaya ko biyu. Mafita ita ce shaidar ƙungiya. Dokar Turai ta yarda ƙananan manoma su haɗu, har zuwa mutum 2,000, su yi rajista, su naɗa masu sa ido daga cikinsu da za su ziyarci kowace gona, sannan mai binciken waje ya zaɓi wasu ya duba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma fa wake ɗaya ke ɓata gari: idan aka kama mutum guda ya yi feshi a ɓoye kuma masu sa idon ba su gano ba, ƙungiyar duka na iya rasa shaidarta.

Kayan daji irin su geza da goruba su ma suna da tasu ƙa'ida. Sai an shata dajin da ake ɗibarsu, a tabbatar shekara uku ba a yi feshi a wurin ba, kuma ɗibar ba za ta ƙarar da itatuwan ba. A yankin da hamada ke matsowa, wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi amfanar mu da kanmu.

Inda daraja ke zubewa

Ko da an bi duk ƙa'idar gona, kwana biyar na shanya na iya rusa aikin shekara. Ɓarar zoɓo, wato raba kofin da ƙoƙon iri, aikin mata da yara ne, aiki mai cin lokaci da sa ƙaiƙayi a hannu. Bayan an ɓare, al'adar da aka saba ita ce a baza a ƙasa ko a tsohon buhu ko a gefen kwalta. Yashi ya shiga, kaji da awaki su bi ta kai, hayaƙin mota ya sauka, ƙurar hunturu ta rufe.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da sunan da ɗakin gwaji ke kiransa. Kashin kaji da na ƙadangare na kawo ƙwayar salmonela, wadda ita ce babbar barazana ga garin zogale. Hayaƙi na barin sinadaran da ake alaƙantawa da cutar daji. Kayan da aka ɗure a buhu da sauran danshi kan yi fumfuna, wata fumfunar kuma na haifar da guba. Haka kuma akwai ciyayin da ke ɗauke da gubar da ke lahanta hanta, waɗanda kan shiga cikin ganyen da aka yanka da lauje, kuma tun Yulin 2022 Turai ta ƙayyade iyakar wannan guba a shayin ganyayyaki.

Gyaran bai buƙatar injin miliyoyi. Gadon shanya da aka ɗaga daga ƙasa, aka shimfiɗa masa raga mai tsabta, aka kewaye shi daga dabbobi, ya magance rabin matsalar. Akwai kuma rumfar shanya ta leda mai amfani da zafin rana, wadda kafinta da mai walda na gari za su iya haɗawa. Zogale da na'a-na'a a inuwa ake busar da su inda iska ke ratsawa, domin rana kai-tsaye na kashe korensu da ƙamshinsu. Zoɓo kuwa sai ya bushe har ya riƙa karyewa a hannu, danshinsa bai wuce kashi 12 cikin 100 ba. Kusan kilo goma na ɗanye ne ke ba da kilo ɗaya na busasshe, don haka duk abin da ya lalace a shanya, asarar ninki goma ce ta wahala.

A rumbu kuma babban abokin gaba shi ne fiya-fiya. Sinadarin DDVP da ke cikinta shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ba sai an fesa wa zoɓo kai-tsaye ba: ajiye shi a ɗaki ɗaya da waken da aka sa wa magani, ko zuba shi a buhun da ya taɓa ɗaukar taki, ya isa gwaji ya nuna. Buhun PICS mai ninki uku, wanda manoman wake suka riga suka sani, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska ba tare da magani ba. Manyan 'yan kasuwar oganik kan yi amfani da sanyi mai tsanani ko iskar da ba guba ba wajen kashe ƙwari, da tururin ruwa wajen kashe ƙwayoyin cuta.

Daga buhu zuwa kwali

A masana'antar shayi, busasshen zoɓo kan bi matakai sanannu. A tsince shi, a wuce da shi ta gaban mayen ƙarfe don cire ƙusa da guntun waya, a yanka shi daidai girman da jakar shayi ke buƙata, a tankaɗe ƙurar, a haɗa da sauran kaya kamar citta ko lemongiras ko na'a-na'a, sannan inji ya auna ya ɗure ya liƙe. Kowane rukuni na da lambarsa da ranarsa.

Lissafin da ya kamata manomi ya yi mai sauƙi ne. Jakar shayi guda ba ta cika wuce giram biyu ba. Ke nan kilo ɗaya na ba da jaka 500, wato kwali 25 masu jaka 20 kowanne. Duk wanda ya san kuɗin kilon zoɓo a kasuwar ƙauyensu, ya kuma leƙa babban kanti a Kano ko Abuja ya ga kuɗin kwalin shayi guda, zai gane ma'anar kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dai ba duk bambancin ne riba ba. A ciki akwai kuɗin takardar jaka da kwali, waɗanda galibi shigo da su ake yi, da na inji da wutar lantarki ko man janareta, da rajistar Hukumar NAFDAC, da gwaje-gwaje, da sufuri, da rabon mai kanti. Haka kuma manyan kamfanonin Turai sun fi son sayen kaya a dunƙule su ɗure da kansu. Abin da ƙungiyar manoma za ta iya cimma da farko shi ne sayar da tsabtataccen zoɓo mai shaida kai-tsaye ga mai saye, da yarjejeniyar farashi tun kafin shuka. Kwalin da ke ɗauke da sunanta kuwa, kasuwar gida ce za ta fara karɓarsa.

Akwai kuma gasa. Zoɓon Sudan, musamman na yankin Kordofan, shi ake yi wa kallon mafi inganci a duniya, amma yaƙin da ya ɓarke a ƙasar tun Afrilun 2023 ya dagula noma da fatauci a can. Masar da Burkina Faso da Senegal da Chaina da Tailan duk suna cikin kasuwar. Mai saye da ya rasa kaya a wuri ɗaya zai nemi wani, amma ba zai sassauta ƙa'ida ba.

Darasi daga Masar da Kenya

A 1977 wani masanin harhaɗa magunguna ɗan Masar, Dokta Ibrahim Abouleish, ya bar aikinsa a Ostiriya ya koma gida, ya sayi fili a cikin hamada kimanin kilomita 60 arewa maso gabas da Alƙahira. Da takin gargajiya da rijiyoyi da dashen itatuwa ya raya wurin, ya kira shi Sekem. Ganyayyakin magani da na shayi na cikin abubuwan da ya fara nomawa. A yau kamfanin na aiki da ɗaruruwan manoma masu shaida, shayinsa kuma sananne ne a shagunan Masar kanta. A 2003 an ba shi lambar yabo ta Right Livelihood. Ƙasar da ya fara a kai ta fi ta Daura bushewa nesa ba kusa ba.

Misalin da ya fi kusa da ƙarfin ƙaramin manomi shi ne Meru Herbs a Kenya. Tun farkon shekarun 1990 iyalai manoma a yankin Tharaka mai ƙarancin ruwa suka jingina da wani aikin ban-ruwa, suna noma zoɓo da lemongiras da wani furen shayi da ake kira kamomil ba tare da sinadari ba. A masana'antarsu da ke ƙauyen ake busarwa a ɗure a kwali, mata ne mafi yawan ma'aikata, kuma kayan na zuwa shagunan Italiya da wasu ƙasashe. Abin lura a duka biyun shi ne wurin sarrafawa na kusa da gona, kuma an san mai saye kafin a faɗaɗa noma.

Abin sha ne, ba maganin kowace cuta ba

A Facebook da WhatsApp da TikTok, masu tallar shayin zogale da na zoɓo sun cika ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba, daga ciwon suga zuwa rashin haihuwa. Gaskiya ne akwai binciken da ya nuna amfanin zoɓo. A wani gwaji da masana na Jami'ar Tufts da ke Amurka suka wallafa a 2010, mutum 65 masu ɗan hawan jini sun shiga, kuma waɗanda suka sha kofi uku kullum na tsawon mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki bakwai. Taimako ne, amma bai kai a ajiye maganin asibiti ba. Mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su nemi shawarar likita kafin su mayar da shi abin sha na kullum.

Ga ɗan kasuwa, rubuta wa kwali cewa yana warkar da cuta na iya jawo masa fushin NAFDAC a gida, a waje kuma a mayar masa da kaya. Haka rubuta oganik ba tare da wata shaida ba, abin da ya yi yawa a kasuwarmu, yana zubar da mutuncin masu yi da gaske.

Ta ina za a fara?

Matakin farko shi ne tsabta, domin ko a Dawanau zoɓon da ba shi da yashi, mai duhun ja, ya fi daraja. Ƙungiyar ƙauye da ta mallaki gadajen shanya da ɗakin ajiya nata na kanta ta riga ta hau hanya, ko ba ta da takardar kowa.

Na biyu shi ne rajista: sunan manomi, girman gona, abin da aka zuba mata, ranar shuka da ta girbi. A nan masarauta na da abin da babu wani kamfanin waje da ke da shi. Dagatai da masu unguwanni da sarakunan noma sun san iyakar kowace gona da tarihinta, kuma maganarsu na da nauyi idan aka zo hana wani karya ƙa'idar ƙungiya. Malaman gona na KTARDA za su iya koyar da haɗa taki da maganin darbejiya, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura kuma ta ƙera rumfunan shanya da ƙananan injinan yanka.

Don kasuwar gida akwai tsarin shaida mai rahusa da ake kira PGS, inda manoma da masu saye ke duba gonakin juna bisa ƙa'idar da suka amince da ita. Ƙungiyar masu noman oganik ta Najeriya, NOAN, na cikin masu yaɗa shi. Ba ya buɗe ƙofar Turai, amma yana koya wa ƙungiya riƙon littafi a shekarun jira. Shaidar waje kuwa bai kamata a kashe mata kuɗi ba sai an samu mai saye a hannu, kuma Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, NEPC, ita ce ƙofar da ake bi wajen rajistar fitarwa.

Sufuri ma na iya sauƙaƙa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta Daura zai bi, kuma tashar tsandauri ta Dala na Kano. Idan aikin ya kammala, kwantena za ta iya tashi daga kusa da gona.

Gargaɗi guda da tarihin Meziko ya bari shi ne kada zoɓo ya kori gero. Farashinsa na hawa da sauka bisa shawarar da ake yankewa a wata nahiya, kuma shekara biyun jiran shaida shekaru ne da manomi zai bi ƙa'ida ba tare da ƙarin kuɗi ba. Wanda ya cika rumbunsa da hatsi, ya ware kadada guda ya fara da ita, shi ne zai iya jure wannan jira.